Muhawara: Shin gwajin DNA ya kashe kasuwar littattafan binciken tsoffin kisan kai?

Malam Garba: Jama'a, ga wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Jerin littattafan nan na ƙagaggun labaran 'yan sandan da ke tono tsoffin kes na kisan kai da aka jingine, a ganina zamaninsu ya wuce. Fasalinsu ɗaya ne. Jami'i ya saɓa da manyansa, a tura shi wani ofis a ƙasan bene da mutum biyu ko uku, a jibge musu kwalayen fayil na shekara ashirin ko talatin. Kowane littafi kes ɗaya, ana jan zare biyu, na lokacin kisan da na yau, sannan a bar wani kes guda yana bin jerin tun daga littafin farko har na ƙarshe. To amma tun 1984 da Alec Jeffreys ya gano yadda ake bambance mutane ta DNA a Jami'ar Leicester da ke Ingila, aikin ya koma ɗakin gwaji. A ɗauko rigar mamaci, a gwada, a duba rumbun bayanai, suna ya fito. Shafi ɗari huɗu na yawon ƙwanƙwasa ƙofofin tsofaffi jan rai ne kawai.

Dakta Hauwa: Malam, "a ɗauko rigar mamaci" ɗin nan da ka faɗa a numfashi ɗaya, nan gizo ke saƙa. Wace rigar, kuma a wane hali take? Tufa mai jini ana shanya ta ne ta bushe a iska, sannan a sa ta cikin jakar takarda. Idan aka cusa ta a leda da danshinta, sai ta yi fumfuna, ƙwayoyin bakteriya su cinye DNA ɗin. Zafi da hasken rana ma suna karairaya shi. Jami'an da suka tattara kayan shaida a 1975 ba su san da wannan gwajin ba, rukunin jini kawai suke nema, don haka da hannu tsirara suke taɓa kaya, wani lokacin kayan mamaci da na wanda ake zargi su kwana a kwali ɗaya. Akwai kuma kayan da gwajin farko ya cinye. Hanyar da aka fara amfani da ita a shekarun 1980 tana son tabo mai girman kwabo, kuma abin da aka gwada ya tafi ke nan. Sai da hanyar PCR ta zo, wadda ke ninka guntun DNA sau wajen talatin a jere, aka iya aiki da 'yan ƙwayoyin jiki kaɗan. Wannan ƙarfin nata shi ne kuma matsalarta, domin duk wanda ya taɓa rigar cikin shekara arba'in zai iya bayyana a sakamako. Idan DNA na mutum uku ko huɗu ya cakuɗe, rarrabe su ba wasa ba ne.

Malam Garba: Na ji, Dakta. Amma idan kayan suna da kyau fa? Ai magana ta ƙare.

Yaya Auwal: Ba ta ƙare ba, Malam. Rumbun bayanai yana nuna wanda ke cikinsa ne kawai. Ingila ta buɗe nata a 1995, kuma mutumin da bai taɓa shiga hannu ba babu shi a ciki. Ɗauki ma kes ɗin kisan kai na farko da DNA ya kai ga hukunci, na Colin Pitchfork, wanda ya kashe 'yan mata biyu a 1983 da 1986. An ɗebi jinin maza wajen dubu biyar a ƙauyukan yankin, ba a same shi ba, saboda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Abin da ya tona shi, abokin nan ne ya yi suɓutar baki a mashaya, wata mata ta ji, ta kai rahoto. Aka kama shi a 1987, aka yanke masa hukunci a 1988. Gwajin ya tabbatar, amma baki ne ya nuna ƙofa.

Hajiya Rabi: Ni ina bayan Malam Garba, sai dai dalilina daban. Ba DNA ne ya gajiyar da ni da waɗannan littattafai ba, sakacin marubuta ne. Jami'i zai sauka ɗakin ajiya ya tarar da kwalin 1981 cif, babu takardar da ta ɓata. Tsohuwa 'yar shekara tamanin za ta tuna launin rigar baƙon da ta gani sau ɗaya da magariba. Sakamakon gwaji ya dawo washegari. A babi na ƙarshe kuma mai laifi ya zauna ya zayyano komai da bakinsa, babu lauya a gefensa. Wanda ya san aikin, a nan yake ajiye littafin.

Yaya Auwal: Wannan gaskiya ne, Hajiya, kuma marubucin kirki daga nan yake samun labarinsa. Sake duba tsohon kes yana da tsari. Da farko a karanta fayil gaba ɗaya, har da 'yan littattafan aljihu na jami'an farko idan suna nan. Sai a ɗauki jerin kayan shaida a je ɗakin ajiya a ƙirga ɗaya bayan ɗaya, a ga me ke nan, me ya ɓata, me aka lalata, me ba a taɓa gwadawa ba. Sai a sake gina awannin ƙarshe na mamaci, a jera bayanan shaidu a ga inda suka ci karo. Sai a tantance shaidun da ke raye. Wannan matakin ya fi kowanne riba, domin amana tana canzawa da shekaru. Matar da ta rantse mijinta yana gida a daren, yau sun rabu. Abokin da ya yi shiru don tsoro, wanda yake tsoron ya tsufa ko yana kurkuku. Kafin a tura komai gwaji kuma, ana karɓar samfurin DNA na iyalan mamaci da na jami'an da suka taɓa kayan, don a cire su daga lissafi.

Dakta Hauwa: Idan aka tsallake irin wannan tantancewar, ga abin da ke faruwa. 'Yan sanda a Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan arba'in, a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn. A 2009 aka gano babu wata mai laifi. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake shafo samfuri da shi.

Barista Nura: Bari in shigo ta ɓangaren kotu, don a nan hujjar Malam Garba ta fi rauni. Suna daban, tuhumar da za ta tsaya a gaban alƙali daban. DNA yana cewa jikin wane ya taɓa abin nan, ba ya cewa yaushe, ba ya cewa da wace niyya. Idan wanda ake zargi ɗan gidan ne ko saurayin mamaciyar, samun DNA ɗinsa a ɗakin bai ƙara komai ba. Na biyu, dole mai gabatar da ƙara ya nuna hannun da kayan shaida suka bi, wa ya karɓa, wa ya miƙa, ranar nawa, da sa hannu. Giɓin shekara biyar a wannan rajistar ya ishi lauyan kariya. Dubi kisan wani matashi, Stephen Lawrence, a Landan a 1993. Sai a Janairun 2012 aka samu mutum biyu da laifi, kuma cikin manyan hujjojin akwai ɗigon jini da bai kai milimita ɗaya ba a wuyan jaket, da zaren tufa, da gashi. Kariyar da lauyoyinsu suka kafa ita ce kayan sun gurɓata a ajiya. Ɗaya daga cikinsu ma an taɓa wanke shi a 1996, kuma da ba a gyara dokar Ingila a 2003 ta ba da damar sake gurfanar da wanda aka wanke idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito ba, da babu yadda za a yi da shi.

Hajiya Rabi: Barista, wa'adin tuhuma fa, wato shekarun da idan sun wuce ba a iya gurfanar da mutum? Littattafan da yawa sai su yi kamar babu shi.

Barista Nura: Ya danganta da ƙasar da labarin yake, Hajiya. Ingila ba ta da wa'adi a kan kisan kai. Japan ta soke nata a 2010. Jamus ce mai sarƙaƙiya: kisan da dokarsu ta ɗauka mafi muni, irin na kwanton ɓauna ko na kwaɗayin dukiya, ba ya da wa'adi, amma kisan da bai kai wannan matakin ba yana faɗuwa bayan shekara ashirin. Ka ga jami'in da ke riƙe da kes na shekara talatin a can, sanin wanda ya yi bai wadatar ba, sai ya tabbatar da yadda aka yi da dalilin yi, in ba haka ba mutumin ya tafi gida. Marubucin da ya san wannan ya samu rabin littafinsa.

Malam Garba: Ranku ya daɗe, kun taru a kaina, amma ga nawa misalin. Joseph DeAngelo a Kalifoniya, laifukan kisa da fyaɗe na shekarun 1970 da 1980, an kama shi a Afrilun 2018. Ba shaida, ba tsohuwar mata, ba suɓutar baki. An ɗora DNA ɗin wurin laifi a shafin GEDmatch na masu neman dangi, aka samo shi. Ina jami'in ƙasan benen yake a nan?

Yaya Auwal: Yana nan, Malam, ya canza kayan aiki ne. Shafin bai ba da sunan DeAngelo ba, dangi na nesa ya nuna. Daga nan aka yi watanni ana gina bishiyar zuri'a da takardun haihuwa da na aure da sanarwar rasuwa, ana zubar da waɗanda shekarunsu ko mazauninsu bai dace ba. Da aka tsaya a kansa, sai da jami'ai suka bi shi a ɓoye, suka shafo hannun ƙofar motarsa, suka ɗauko takardar goge hanci daga sharar gidansa, aka gwada aka ga ya yi daidai. Kuma tsohon ɗan sanda ne, abin da da marubuci ne ya ƙirƙira sai Hajiya ta ce ya cika ƙari.

Barista Nura: A ƙara da cewa ya amsa laifin kisa 13 a 2020, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai, amma fyaɗen da yawa ba a iya tuhumarsa da su kai tsaye ba saboda wa'adinsu ya wuce.

Malam Garba: To na sauko rabi. Littafin da aka kafa labarinsa a yau, ya yi shiru a kan DNA ko ya ce kayan duk sun ƙone a gobara don ya huta, har yanzu ina kiransa yaudara. Wanda ya kawo sakamakon gwaji a tsakiyar littafi, ya bar jami'in da suna a hannu babu hujjar zuwa kotu, wannan zan karanta.

Hajiya Rabi: Ni kuma sharaɗina yana nan. A nuna mini rajistar ɗakin ajiya da shafin da ya ɓata, a kuma bar tsohuwar nan ta yi kuskure a launin rigar.