Taswirar alaƙar malamai daga kundayen digirin digirgir: ta ina zan fara?

Ɗalibi daga Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum. Malamaina, ina so in zana taswirar da za ta nuna wa ya yaye wa, da waɗanda suka saba zama tare a difens (zaman da ɗalibi ke kare kundinsa), a fannin bibliyometiriks, wato auna rubuce-rubucen masana da lissafi. Kundayen sashen nazarin laburare na BUK da na ABU Zariya zan duba. Me zan ɗauka daga kowane kundi? Kuma ta yaya zan san gungun da ya fito mazhabar bincike ce ta gaske?

Ma'aikaciyar laburare:
Wa alaikumus salam. Aikinka yana kan shafi biyu na kowane kundi: na take da na sa hannu. Buɗe Excel, kowane kundi layi ɗaya: ɗalibi, shekara, jami'a, take, sufabaiza na farko da na biyu, mai jarrabawa na ciki, sai eksitanal, wato mai jarrabawa daga wata jami'ar. Amma kada ka saka shugaban sashe da shugaban makarantar manyan digirori. Ofis ne ya sa su sa hannu, a kan kowane kundi kuwa. In ka bar su, su za su mamaye tsakiyar taswirar ko da ba fanninsu ba ne.

Wajen nema, kada ka tsaya a kalma ɗaya. Alan Pritchard ya yaɗa sunan fannin a 1969, amma dokokinsa sun girme sunan: dokar Lotka ta 1926 ce, ta Bradford kuma 1934. Kundi da yawa takensa "citation analysis" ko "authorship pattern" kawai yake ɗauke da shi. Karanta tsakuren kowanne kafin ka yanke.

Malami a Kabuga:
Abin da Malama ta faɗa haka yake. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne sunaye. Mutum ɗaya zai fito Muhammad a nan, Mohammed a can, wani wuri da sunan garinsu, wani wuri harufa biyu kawai, ga Dakta ya zama Farfesa. Kwamfuta za ta ɗauke shi mutum huɗu, alaƙarsa ta tarwatse. Ba wa kowane malami lamba ɗaya a wani shafi daban. OpenRefine, manhajar tsaftace bayanai, zai tara maka sunaye masu kama da juna, amma kai za ka tantance da idonka, domin masu suna ɗaya sun yi yawa a wurinmu, haɗe mutum biyu kuma ya fi raba ɗaya muni.

Daga nan taswira biyu za ka yi a Gephi, manhajar zana taswirar alaƙa, kada ka cakuɗa su. Ta farko mai kibiya, daga sufabaiza zuwa ɗalibi, kamar silsilar malaman zaure. Ta biyu ba kibiya: duk waɗanda suka zauna a difens ɗaya ka haɗa su, nauyin layin shi ne sau nawa suka haɗu. Fayil ɗin CSV da za ka fitar daga Excel ka saka a Gephi yana buƙatar Source (mafarin layi), Target (ƙarshensa) da Weight (nauyinsa).

Mai nazarin alƙaluma:
Ƙanena, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. Gephi zai raba maka gungu masu launi ko da bayanan ba su kai ba. Sau da yawa kusancin gari da kuɗin tafiya ne ke zaɓen eksitanal, don haka haɗuwa ɗaya ba hujja ba ce. Fara ƙirga alaƙa daga haɗuwa biyu zuwa sama. Kafin ka ce mazhaba, nemi abu uku: ɗaliban malamin su ma sun yaye wasu, batutuwansu na tafiya a hanya ɗaya, kuma manazartarsu na komawa ga marubuta iri ɗaya. Na ukun nan sai ka shigar da manazartar da hannu, VOSviewer, wata manhajar taswira, ya zana.

A Sifen rumbun bayanan kundayen digirgir mai suna TESEO yana ajiye sunan sufabaiza da na 'yan kwamitin difens tun daga 1976, shi ya sa irin wannan aiki ya yi wa masu bincike a can sauƙi. Kai sai ka zauna da kundayen ɗaya bayan ɗaya. In na digirgir sun yi kaɗan, ƙara na digiri na biyu, amma ka sa musu alama a Excel ɗin don ka iya cire su ka ga ko gungun zai tsaya.