Tambaya ga masu sa barci: jariri mai kumburarren huhu

Assalamu alaikum, manyanmu likitoci. Daga Kumasi nake neman shawararku.

Jariri ne ɗan wata 3, kilo 4.5, an haife shi da kumburin sashen sama na huhun hagu. Iska na shiga ba ta fita, har ya ture zuciya dama. Za a cire sashen.

Mun tsara farawa da iskar sa barci ta sevoflurane yana numfashi da kansa, ba iskar nitrous oxide domin tana ƙara kumburin, ba matsa jakar hura masa iska sai likitan fiɗa ya buɗe ƙirji.

Inda muka maƙale shi ne ware huhun, wato hana iska shiga na hagu, na dama ya ci gaba da numfashi. Bututun numfashi mai hanya biyu ya yi masa girma, kuma ba mu da ƙaramin madubin leƙa maƙogwaro na milimita 2.2 da za a saka Fogarty 3 Fr (siririn bututu mai balan-balan na toshe reshen hagu) da shi. In aka tura bututu mai faɗin milimita 3.0 reshen dama na maƙogwaro, reshen gajere ne, bakin sashen sama na huhun dama na iya toshewa, iskar oksijin ta jini ta faɗi da an juya yaro gefe. Wannan ne ke tsorata ni.

Don Allah, barin bututun sama da mararrabar rassan biyu ya fi aminci? Kuma in dole a hura masa iska, a matsin iska nawa kuke tsayawa kafin a buɗe ƙirji?