Rajistar LLC: a New York zan yi ko a Delaware?

Maman Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. A Bronx nake zaune, cikin birnin New York na Amurka, ina sayar da shadda, abaya, gyale da turaruka daga gida, yawanci ta WhatsApp. Yanzu kasuwa ta ɗan buɗe, ina son kama ƙaramin shago, mai ginin kuma ya ce sai da takardun kamfani. Ƙanin maigidana ya dage wai in yi rajistar LLC, wato kamfanin da doka ta raba dukiyarsa da ta mai shi, a jihar Delaware, can manyan kamfanoni ke yi kuma ya fi araha. Ni dai abin da na sani a gida CAC ce, rajista ɗaya ta ci ko'ina a Nijeriya. Nan kowace jiha da tata dokar, kaina ya ɗaure. Don Allah masu sani a taimaka.

Baban Sadik:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki biye wa zancen Delaware ɗin nan. Inda shago yake, nan hukuma za ta neme ki. In kin yi a can, shago kuma yana Bronx, New York baƙo za ta ɗauki kamfaninki, sai kin sake neman izini a wurinta a kan dala 250, alhali da kin yi kai tsaye a nan dala 200 ce kawai. Ga Delaware na jiranki da kuɗin shekara-shekara da ba ya gaza dala 300, ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba. Ga kuma ladan wakilin da zai riƙa karɓar miki sammaci da wasiƙun hukuma, tunda ba ki da adireshi a can. Masu neman manyan masu zuba jari ne Delaware ke yi wa rana, saboda kotunta ta shari'ar kamfanoni. Mai shagon shadda me ya haɗa ta da wannan?

Ɗan Maraɗi:
Gaskiyar Alhaji ne. Amma ki tanadi kuɗin jarida, shi ne ke kayar da mutane. Cikin kwana 120 da kafa LLC a New York, dole a buga sanarwa a jaridu biyu, ta kullum da ta mako-mako, mako shida a jere. Ba ke za ki zaɓi jaridun ba ma, akawun gundumarku ne zai ce ga su. In an gama ki kai shaida da dala 50. A cikin birnin nan kuɗin bugawar kan haura dala dubu, a gundumar Albany kuwa bai kai rabin haka ba, shi ya sa wasu ke sa adireshin wakili na can. Kuma ko ta Delaware kika biyo, jaridar nan tana nan tana jiranki.

Maman Hafsat:
Ikon Allah, jarida kuma a wannan zamani! To akwai wanda ya ce in ba shi kuɗi ya ciro min lambar EIN, wato lambar harajin kamfani, shi ma dole ne?

Anti Rabi:
'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. EIN kyauta ce a shafin IRS, hukumar harajin Amurka, in kina da lambar SSN (lambarki ta Social Security) nan take za ta fito. Da ita za ki buɗe asusun banki na kamfani, kuma ki raba shi da na cefane. In kina zaro kuɗin makarantar yara daga asusun shago yadda kika ga dama, ran da aka kai ki ƙara lauya zai ce ke da kamfanin abu ɗaya ne, ya bi dukiyarki ta gida.

Sai takardar izinin karɓar harajin saye, ki nema aƙalla kwana 20 kafin ki buɗe shago. Ki lura da wannan a na'urar kuɗinki: sutura da ba ta kai dala 110 ba babu haraji a kanta a birnin New York, amma turare sai kin ɗora kashi 8.875 cikin ɗari. Abaya ta dala 90 da kwalbar humra a leda ɗaya, lissafinsu daban.