Minti 90 Babu Ci, Me Muka Kalla?

Ɗan Bolari:
Salam jama'a, jiya abokina ya ja ni gidan kallo wai babban wasan Turai ne, ni kuma ƙwallo ba ta dame ni ba sai dai in an matsa min, to ga abin da na gani, mai amsa ya amsa da baiti.

Minti 90 ina kan benci,
Hayaƙin janareta na shiga hanci,
Ƙarti 22 babu wanda ya ci,
Ku kuna ihu, ni ina jin barci.

Yaron Pantami:
Haba malam, kai ne dai ba ka iya kallo ba wlh.

Raga ka tsare da ido, ba ƙwallo,
Shi ya sa ba ka ji daɗin kallo,
Gola ya yi tsalle kamar kwaɗo,
Ta daki ƙarfe, hanjina ya kaɗo.

Kofin Afirka na 2013 ka tuna ko ka manta?
Burkina Faso muka kara da ita,
Sunday Mba ya ɗaga ta ya narka ta,
Ci ɗaya tak, Najeriya ta ɗau kofinta.

'Yar Jekadafari:
Ni fa sai Super Eagles na wasa nake leƙawa, shi ma ina yi ina duba tukunya, amma Yaya ba ka faɗi gaskiya duka ba.

Olamfik na Atlanta 1996 ake ta tunawa,
Don ƙwallo 7 aka yi ta zurawa,
Kanu ya ci 2, Birazil ta yi faɗuwa,
Da canjaras ne wa zai ta yabawa?
Ni a bar ni da ƙwallon kwando, ana ta jefawa.

Baba na Tudun Wada:
'Yata, kwando ai gyaɗa ce a tire, in ta kai 100 wa ya san wadda ta fi daɗi. Ku zo in kai ku dandali.

Ɗan dambe ya daɗe yana zagaye,
Hannu a naɗe, yana nan tsaye,
Kalangu na tashi, jama'a sun kewaye,
Naushi guda, ƙato ya kife a karye.

Ɗan Bolari:
Baba, Allah ya ja da ranka,
A dambe wani na shan ƙasa a gabanka,
Jiya wa ya faɗi? Kawo shaidarka,
Mai gidan kallo kaɗai ya ci, da nawa da naka.

Yaron Pantami:
Hhhh wannan ta shige ni. Amma a damben ma ai ana turmi 3 a tashi babu kisa kuma ba wanda ke cewa a maido masa kuɗinsa. Ran da Gombe United ke gida ka zo filin Pantami ka ji yadda ake yi, ni zan biya maka har kuɗin Keke.

Ɗan Bolari:
Zan zo, amma ka zauna kusa da ni, don wannan satar gidan da lafiri ke ta hura wa usur har yau ban gane ta ba.