Yaro in ya hwaɗa ruwa ba a jin kukanai

'Yar Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya Allah ya tsare mu, wallahi har yanzu jikina rawa yakai. Munka tahi walima gidan wata 'yar uwar maigida can GRA, gidan akwai suwimin ful, wato wurin iyo, ta baya, kun san zahin ga na Afrilu, yara sai murna. Mu wajen mata goma muna zaune ƙarƙashin rumfa, tsakaninmu da ruwan bai kai taki goma ba, ana hira ana zuba abinci. Ɗiyata 'yar shekara 2 da rabi ni na ɗauka tana wurin yayarta, ita ko yayar ta ɗauka tana wurina. Wani yaro ɗan gidan ne ya hangi rigarta cikin ruwa ya jawo ta. Abin da ya hi tada min hankali ko motsi ba mu ji ba, ba kuka ba komai. Ta yi tari ta yi amai ta dawo daidai. Don Allah duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wanga ya ba mu labari mu san inda za mu gyara.

Malamar jinya, Runjin Sambo:
Subhanallahi, sannu Anti. Amma kin kai ta asibiti? In ba ki kai ba ki tashi yanzu, ruwan da ya shiga huhu yana iya tada numfashi bayan awoyi, balle in tana tari ko numfashi sama-sama ko yawan barci. Shirun da kika ce kuwa haka abin yake, bakin yaro na ƙasan ruwa, in ya ɗago iska yake nema, ba shi da ta kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 suka mutu ta nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Ni an sha kawo mana yaro an kife shi ƙafa sama ana matsa mai ciki wai ruwa ya fita, wannan ɓata lokaci ne kuma amai na iya komawa huhu. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a hura mai iska a baki, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, kar a tsaya ko cikin mota, ƙwaƙwalwa mintuna kaɗan take jure rashin iska.

Baban yara, Arkilla:
Mu namu ba ful ba ne, tankin ƙasa ne. Ɗan ƙanena shekara 3. Motar ruwa ta zo da hantsi, anka ɗauke kwanon rufi da dutsen da muke dannewa da shi, anka zuba ruwa, kowa ya ɗauka wani ya mai da. Munka nemi yaro har bakin titi har gidajen maƙwabta, babu wanda ya leƙa tankin sai bayan azahar. Allah ya jiƙanai. Yanzu marfin ƙarhe mai walda ya yi muna da kwaɗo, makulli na aljihuna. In yaro ya ɓace ku fara duba ruwa kahin ku hita waje, ni abin da ke cina ke nan har gobe.

'Yar Mabera:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne Malam.

Amaryar Gawon Nama:
Ni bahon wanki ne, ruwan ko rabi bai kai ba, na shiga ɗaki ɗauko waya na hito na tarar da ɗana mai rarrahe kai ciki ƙahwa sama. Kan jariri na da nauyi ƙwarai in an gwada da jikinai, bai iya ɗagowa. Tun ranar ina gama wanki nake zubarwa in kihe baho.

Hajiya, Sama Road:
Muna da ful a gida kuma gaskiya na daɗe ina ƙin shinge wai zai ɓata tsarin wurin, sai ranar da jikana ya buɗe ƙofar kicin da kanai yana bin ƙwallon da ke yawo kan ruwa, mai gadi ya tare shi a bakin tayil. Katangar gida ba ta hana komai tunda yaron ciki yake. Yanzu shingen ƙarfe ya zagaye ruwan ta ko'ina, tsawon mita 1.2, ƙofar na rufe kanta, sakata can sama, kuma ba a barin kayan wasa cikin ruwa. Robar nan da ake hurawa a sa musu a hannu kar ta ruɗe ku, tana sacewa tana zamewa. Ranar taro mutum ɗaya nake sawa ya sa ido kan yara da ruwan, ba waya ba hira, in zai tashi sai ya faɗa ma wani baki da baki ya amsa.

'Yar Mabera:
Mun dawo daga asibiti, sun duba ƙirjinta sun ce lahiya lau alhamdulillah, na gode Malama. Baban yara don Allah mai waldan naku shina zuwa Mabera? Namu tankin har yau allon katako ne bisa.