Bajo a ragar gaban Fijo 504: in huda, ko in je Panteka a yi min maƙali?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa yi da hannunsu nake nema. Motar 504 ce ta 1982, haɗin Kaduna, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ragar gabanta ta asali ce, baƙar robar nan mai zaki a tsakiya. Bajo biyu nake son ɗaurawa kafin taronmu na bayan Sallah. Ɗaya na ƙungiyarmu ne ta masu tsofaffin motoci, yana da ƙafa biyu masu zare a bayansa. Ɗayan tsohon bajon AA ne, ƙungiyar masu motoci ta Ingila, mai ruwan ɗorawa, Baba ya dawo da shi daga karatu. Babu wanda ya zo da abin ɗaurawa. Ko dai in huda robar in zura, ko in je Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, a yanko min 'yan faifan ƙarfe biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, su matse sandunan ragar ba tare da an huda komai ba. Motar tana da AC, tazarar ragar da kwandensar AC ɗin da ke bayanta kaɗan ce. Bamba kuwa ba na son a taɓa ta. Wanne ya fi?

Mai Wagon:
Wa alaikumus salam. Ka sa mai walda ya kafa maka sanda a kan bamba, ka jera ko goma ne. Haka Turawa suke yi a tsofaffin motocinsu.

Maman Haidar:
Malam, ai ya ce ba ya son a taɓa bamba.

Bakano Zalla:
Gam mai haɗi biyu na ɗari biyar ya gama maka aiki. Amma in Bazazzagi ne kai, ɗaura da zaren buhu, ba mai ganewa.

Baba Usta:
Yaro, kada ka huda. Robar da ta sha ranar shekara arba'in ta bushe, da bakin dirila ya shiga za ka ji ƙas, tsaga ta bi sandar har ƙarshe. Yi faifan nan naka. Amma ka kwance ragar daga jikin motar, ka kai wa maƙerin ita a hannu ya auna. Ka yanko tsohon tib na taya ka shimfiɗa tsakanin ƙarfe da roba ta kowane ɓangare. Noti kuma mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. Matsewa da yatsu, sannan ɗan juyi kaɗan da sufana, ka tsaya. Abin da ya yi saura na kusa a baya a yanke shi, a goge bakin.

Alhaji Mai 404:
Ni dai duk wanda ya ce zai kai motarsa wani gareji saboda bajo, ina roƙonsa ya saurare ni. Tawa 404 ce, ragarta ta ƙarfe, na riƙe ta kamar 'ya. Na kai wa wani mai gyaran bodi da na daɗe ina ba shi aiki, na ce bajo ɗaya zai ɗaura min, na tafi masallaci. Ashe bai kwance ragar ba, a jikin motar ya sa yaronsa ya huda. Dirila ta zarce ta taɓa lagireto. Maimakon su gaya min, sai suka cusa sabulu a ramin, suka shafa baƙin fenti, suka cika ruwa. Na biya, har da tukuici na ba yaron. Ranar Asabar na ɗauki iyali za mu biki Zariya. Mun wuce Jaji kenan na ga allurar zafi ta miƙe, kafin in samu wurin tsayawa tururi ya rufe gilashi. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Da mata da yara a bakin titi cikin ranar Afrilu, sai janwe muka nema. Da na koma masa, wallahi ko kunya babu, ya ce ai lagireton dama ya tsufa.

Ɗan Kakuri:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ni da kaina zan kwance tawa in sha Allahu. To maganar faifan fa, ƙarfe ko alminiyam?

Alhaji Mai 404:
Ban gama ba, ɗana. Motar ta yi watanni a wani garejin ana neman kan inji. Ranar da na karɓo ta, na tsaya ina goge gabanta, sai na ji zakin ya yi min sauƙi a hannu. Na ƙwanƙwasa da farce. Roba ce aka fesa wa ruwan azurfa. Nawa na asali, mai nauyi, wanda ya zo da motar, an musanya. Gareji biyu ta shiga, kowa ya rantse ba shi ba ne.

Injiniya Sadiq:
Allah ya kyauta, Alhaji. Ɗan Kakuri, ka kula da haɗa ƙarafa iri daban. Yawancin tsofaffin bajo tagulla ce aka lulluɓe da kurom. In ka manna tagulla da alminiyam, damina ta zo ruwa ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa yana farin gari. Ka nemi faifan sitenles da kusoshinsa. Sannan kayan Ingila na wancan zamanin zarensu ba na milimita ba ne. In bajon AA ɗin yana da tsohuwar kusa a jiki, kada ka tilasta mata notin M5, wato mai zaren milimita biyar, zai yi kamar ya hau alhali yana cin zaren. Kuma ka kauce wa tsakiyar raga, nan iska ke bi ta sanyaya kwandensa da lagireto.

Baba Usta:
Bajon da bai wuce tafin hannu ba ne zai hana 504 shan iska? Tun PAN, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, na sabuwa a 1975 nake kwance motar nan. Tasi nawa muka gani da fitilu huɗu da kofaton doki a raga, suna Kaduna zuwa Maiduguri ba su tafasa ba.

Injiniya Sadiq:
Ranka ya daɗe, waɗancan tasi ba su da AC, kuma lagiretonsu sabo ne a lokacin.

Mai Wagon:
Injiniya, ka taɓa riƙe sufana kuwa, ko a takarda ka gani? Baba Usta ya yaye yara sun fi shekarunka.

Maman Haidar:
Haba Malam. Maganar tagulla da alminiyam gaskiya ce, na gani a Marsandin maigidana, gindin bajon duk ya yi fari ya rarake. Kuma ai shi ma bai ce a huda ba, bakinsu ɗaya da Baba.

Bakano Zalla:
Nawa ma za a kashe? A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano dubu uku ta isa faifai da noti, har ka sha fura da canji.

Ɗan Kakuri:
Jiya na tambaya a Panteka, dubu goma sha biyar aka ce min in sitenles ne.

Mai Wagon:
An ga ka da takalmi mai tsada ne. Dubu shida na biya, har da fenti.

Injiniya Sadiq:
In an yi masa fenti ai ba sitenles ba ne. Ka je da maganaɗisu, mai kyan ba ya kama shi sosai.

Ɗan Maraɗi:
Ku taho nan wajenmu, jikka biyu ta sefa maƙeri na yi maka shi. Raga ma ta 504 akwai ta cikin tsoffin motoci da aka kashe, jikka goma sha biyar ka samu mai kyau.

Alhaji Mai 404:
Mai kyau a ina? An kawo min irinta, sabuwar kwaikwayo ce, ramukan sukurunta ma ba su dace ba. Ta asali an ce min dubu ɗari da ashirin, wani kuma ya ce arba'in, na ce ya kawo, har yau yana hanya.

Maman Haidar:
Ni abin da ya fi damuna ma sata. Tauraron kan bonet ɗin Marsandinmu a wurin ɗaurin aure aka karye shi, cikin jama'a, da mai gadi a ƙofa. Ɗan Kakuri, bajon mahaifinka ne fa. Noti biyu a bayan raga, yaro mai siririn hannu minti nawa zai ɗauka?

Bakano Zalla:
Sai ya ɗaura wa bajon kwaɗo.

Alhaji Mai 404:
Ba abin dariya ba ne. Su wa ke sayen kayan in an sato? Mu ne. Ka je kasuwar kayan gyara ka ce kana neman zaki na asali, a ce ka dawo gobe. Daga ina zai fito kafin gobe? Ina da yaƙinin nawa yana gaban motar wani, watakila ma a taron da za ku yi.

Mai Wagon:
To Alhaji, yanzu mu 'yan ƙungiya kake nufi?

Alhaji Mai 404:
Ban kama sunan kowa ba. Na ce a riƙa tambayar mai sayarwa inda ya samo.

Ɗan Kakuri:
Don Allah Baba Usta, faifan kaurin milimita nawa zan ce a yanka? Kuma na AA ɗin in ɗaura shi ko in bar shi a gida?

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, zakin naka mai garkuwa ne a bayanshi? Akwai wani tsoho nan da ke da irinshi, sai dai ya ce ba ya saidawa sai da ragar gaba ɗaya.