Na ƙara faifan ajiya na biyu, Windows ya ƙi karɓarsa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu gyaran kwamfuta.

Kwamfutar tebur ce a shagona na buga takardu a Gombe, Windows 10 na kan faifan ajiya nau'in SSD mai 256GB. Na ƙara mata faifan ajiya na hannu (wanda aka taɓa amfani da shi), 1TB, mai mahaɗin SATA, inci 3.5. BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) na ganinsa da cikakken girmansa, amma Disk Management (sashen Windows mai kula da faifai) na nuna "Not Initialized", kuma ko GPT na zaɓa ko MBR (tsarukan raba faifai), sai ya ce "I/O device error". A diskpart (manhajar sarrafa faifai ta hanyar rubuta umarni) ma umarnin clean na goge faifai haka yake ƙarewa.

Na canza wayar SATA, na mayar da ita wani ramin a jikin babban allon kwamfutar (motherboard), duk babu canji. Abin da ya fi damuna: da na kunna, faifan sai ya fara juyawa, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya, ya sake tashi. Akwatin wutar kwamfutar (power supply) 240W ne, kan wutar SATA ɗaya gare shi, don haka da waya mai raba biyu na ba faifan wuta. Irin wannan faifan kuwa yana jan wuta sosai a layin 12V lokacin tashi.

Ta yaya zan tantance ko ƙarancin wuta ne ko faifan ne ya lalace, kafin in mayar wa wanda na karɓo shi a wurinsa? Na gode.